Sadakin Mashkura

Tun daga bakin get Mashkura ta san yau ba lafiya ba. Motar Yaya Umar Farouk ce a ƙarƙashin mangwaron gidan, ga shi kuwa ranar Laraba ce, ƙarfe uku na rana, lokacin da ya kamata a ce yana ofis yana juyi a kan kujera. Mutumin da ko gaisuwar Sallah sai uwarsa ta yi masa tuni, me ya fito da shi Garki a tsakiyar mako?

Ta zagaya ta ƙofar kicin da fararen kayan asibiti a jikinta. Ko takalmi ba ta cire ba Ummi ta kamo hannunta.

"Auta, kada ki bi ta falo."

"Lafiya, Ummi?"

"Abbanki ya sa an kira Nazir. Yana hanya."

Saura kwana uku manyan Nazir su zo daga Karmo neman aurenta, har Ummi ta sa an soya cincin an cika bokiti biyu. Babu uban da zai kira saurayi shi kaɗai a irin wannan lokaci don kawai ya tambaye shi ya gajiya.

Shekara biyu ke nan ana fama. Tare suka yi makarantar koyon jinya da Nazir, kafin ya samu aiki a Japan, a wani gidan kula da tsofaffi da ke ƙaramin gari a tsakiyar duwatsu. Bana shekararsa bakwai a can. Da ƙyar da siɗin goshi Abba ya yarda a yi maganar auren, don shi a wurinsa ko Legas ƙarshen duniya ne. Shi kuwa Farouk, ɗan ƙanwar Abba, sau biyu yana kawo kansa, sau biyu Mashkura na mayar da shi cikin ladabi. Ya ce ya haƙura, har da cewa Allah ya sa alheri. Ashe haƙurin a baki ya tsaya.

Ummi ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin tire ta miƙa mata. Farouk ko sharri zai ƙulla sai ya buga kwafi uku, aikin gwamnati ya riga ya bi jikinsa.

Hoton jarida ne. Nazir ne sanye da baƙar kwat, ya rungume wani akwati naɗe da farin ƙyalle, kusa da shi wata 'yar tsohuwa da ko kafaɗarsa ba ta kai ba. A ƙasa rubutun Japanawa ne, Farouk ya sa waya ta fassara ya maƙala a jiki.

"Ƙona gawa suke yi, Auta," in ji Ummi. "In ta ƙone, dangi su taru su tsince ƙasusuwan su zuba a tulu. Wai har da Nazir aka tsinta. Kin san da wannan?"

Mashkura ta girgiza kai. Ta san Baba Tanabe, tsohon da Nazir ya yi shekara huɗu yana jinya. Ta san ranar da ya rasu bara, don Nazir ya kira ta yana kuka har ta rasa da me za ta rarrashe shi. Amma wannan bai faɗa mata ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba ƙasusuwan ne suka fi damunta ba. Ɓoyewar ce, da kuma jin labarin daga hannun Farouk.

Sallamar Nazir ta ji daga tsakar gida. Ta zame hannunta daga na Ummi ta lallaɓa bayan labulen da ya raba falo da ɗakin cin abinci, ta tsaya tana saurare.

* * *

Abbanta, Alhaji Badaruddeen, ya yi shekara talatin da biyar a ma'aikata, ya sauka a darakta, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun san idan ya yi ƙasa da murya, lokacin ne ake neman hanyar fita. Yau muryar tana can ƙasa.

Nazir ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya sunkuya ya jera su, ya juya bakinsu waje. Sabo ne, bai ma san ya yi ba.

"Kawu, ka gani ko?" in ji Farouk yana murmushi. "Har takalmin ma an canza masa alƙibla."

"Farouk, ka kawo takarda, na gode. Bakinka kuma ka adana shi."

Nazir ya durƙusa a kan kafet ya gaishe shi. Abba ya amsa a taƙaice, ya tura masa takardar da yatsa ɗaya.

"Wannan kai ne?"

"Ni ne, Abba."

"Mene ne a cikin akwatin?"

"Ƙasusuwan Baba Tanabe ne."

"Kai ka tsince su?"

Mashkura ta runtse ido. A ranta roƙonsa take yi ya ce jarida ce ta yi ƙari, ya ce akwatin kawai ya riƙe. Ita kanta ta ji kunyar wannan roƙo.

"Na tsinta, Abba. Guda ɗaya."



"Ina jin ka," in ji Abba.

"A al'adarsu akwai ƙashin da mutum ɗaya ba ya ɗauka. Mutum biyu ne ke kama shi tare, kowa da dogayen tsinkaye, su ɗaga su sa a tulu. Ɗan Baba Tanabe ɗaya ne, kuma ya riga shi rasuwa. Danginsu da suka rage duk tsofaffi ne, wasu a keken guragu. Matarsa, Mama Fumiko, ta kama gefe ɗaya, ta tsaya tana dube-dube. Shekararta tamanin da ɗaya, Abba. Ta dube ni ta kira sunana." Ya dubi Abba. "Ban kunna musu turare ba, ban rusuna wa komai ba, ban yi addu'arsu ba. Na riƙe mata ɗaya gefen ne. Da na koma gida na yi wanka na yi ta istigfari, don ban sani ba ko na yi daidai. Har yau ban sani ba."

"Amma ka san ya kamata ka ɓoye," in ji Farouk.

Nazir bai ko kalle shi ba. "Na ɓoye saboda tsoro. Wannan kam laifina ne."

Abba ya gyara zaman tabarau ya sake duba fassarar. "An rubuta a nan cewa tsohon shi ne shugaban unguwa, kuma shi ya jagoranci waɗanda suka hana a ba Musulmi wurin binne gawa. Haka ne?"

"Haka ne."

"Sau nawa kuka nema?"

"Sau biyu. Sau biyu suka ƙi."

"To in Musulmi ya mutu a garin, ya kuke yi da shi?"

"Sai mu sa shi a mota, tafiyar awa tara, zuwa wata maƙabarta a wani yanki. Bara waccan mun kai wani abokin aikinmu ɗan Indonesiya. Ni na tuƙa."

"Wato ka wanke mutum shekara huɗu, ka goge masa kashi da fitsari, ka ba shi abinci a baki, shi kuwa ya ce ko taku shida na ƙasar garinsu ba za ka samu ka kwanta ba."

"Ba ƙiyayya ba ce, Abba."

"Mece ce?"

"Tsoro ne. Garin da can mutum dubu huɗu ne, yanzu ba su kai dubu ba. An rufe firamare saboda babu yara. Shagon da ke sayar da madarar jarirai ya koma sayar da sandar dogarawa. Mu baƙi mu ne a gidan tsofaffi, mu ne a gona, mu ne a masana'antar kifi. Ya taɓa ce min, in suka rufe ƙofa, wa zai ɗaga shi daga gado? In kuma suka buɗe ta gaba ɗaya, nan da shekara talatin wa zai san yadda ake gaisuwa a garin, wa zai share kaburburan iyayensu, wa zai yi bikin kaka? Ruwan da suke sha daga ƙarƙashin duwatsun yake fitowa, kuma su a tunaninsu gawar da ba a ƙona ba tana ɓata ruwa. Mun kawo masana sun ce ba haka ba ne. Suka ce sun ji, amma zuciyarsu ba ta ji ba."

"Kawu, you see? Har lauya ya zame musu."

Wannan karon kallo ɗaya Abba ya yi wa Farouk, ya ja bakinsa ya yi gum.

Mashkura ta zaci Abba zai yi tir da Japanawan, ya kira su marasa imani. Abin da ya fito daga bakinsa ya ba ta mamaki, kuma ya fi tir ɗin ban tsoro.

"Ni ban ga laifin tsohon ba," in ji shi. "Da ni ne shi, abin da zan yi ke nan. Lokacin da aka dawo da mu ma'aikata daga Legas zuwa Abuja, nan inda kake durƙushe gonar doya ce. Na ga mutanen Gbagyi da idona, matansu da kaya a kafaɗa, suna kawo mana itace da ruwa, suna yi mana maraba. Mu ma cewa muka yi aiki ya kawo mu, ba mu zo canza kowa ba. Yau fita ka zaga Area 2 kaf, ka nemo min gida ɗaya da ake yarensu. Ba mugunta muka yi niyya ba. Yawa muka yi."

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Saboda haka abu biyu ne, Nazir. Ko ku yi yawa ku narkar da su, ko ku yi kaɗan su narkar da ku. Yau ƙashi ɗaya ka ɗauka don tausayi. Ɗanka zai ɗauki goma don al'ada. Jikanka kuwa shi za a ɗauka. Kuma wannan jikan, jinina ne."

Ummi da ta biyo bayan Mashkura ta toshe baki da mayafi.

"Akwai hanya ta uku, Abba," in ji Nazir a hankali. "Na gan ta. Tsohon nan da kansa, da nake zuwa masa jinya har gida, ya hana a sake dafa naman alade a gidansa, aka sayo sabuwar tukunya saboda ni. In azahar ta yi ina cikin aiki, sai ya ɗaga hannu ya buga agogonsa da yatsa, wai in je in yi salla, shi zai jira. Ni kuma na koyi yarensu, na koyi yadda suke ware shara kashi-kashi, ina fita sharar titi da su da sassafe. Ranar bikinsu ba na ɗaukar abin bautarsu, sun sani, ba sa ma tambaya, amma ni ke tare motoci a hanya. Bai zama ni ba, ban zama shi ba."

"Da rai ke nan. Da aka zo maganar mutuwa fa?"

Nazir ya sunkuyar da kai.

"Garin da ke son hannunka amma ba ya son gawarka, ba garinka ba ne," in ji Abba. "Masauki ne. Ni kuma ba na aurar da 'yata zuwa masauki. Amma ba zan zalunce ka ba, don ban taɓa kama ka da ƙarya ba, yau ma ga shi ba ka yi ba. Ka dawo gida. Asibitoci sun cika Abuja, ina da mutane. Ka ce min ka dawo, in ɗaura muku aure kafin watan nan ya mutu."

Mashkura ta damƙe labule. Ka ce to, Nazir. Kalma ɗaya ce.

Nazir ya ɗago kai.

"Abba, tsofaffi goma sha huɗu ne a hannuna. Akwai waɗanda ba sa cin abinci sai na zauna kusa da su. Kuma Musulmin garin mu sittin da wani abu ne, ni kaɗai ke iya tsayawa gaban majalisar unguwa in yi magana da yarensu. In na taho yanzu, maganar maƙabarta ta mutu. Ka ba ni lokaci, don Allah."

An ɗora ta a sikeli da tsofaffin wata ƙasa, kuma ba ta rinjaya ba. Ta ji haushinsa kamar ta fita ta shaƙe shi. Abin takaicin kuma, ta san da ya ce to nan take, da ba shi ne Nazir ɗin da ta yi shekara biyu tana jira ba.

Abba ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi amsar da yake tsammani. Ya haɗa takardun ya daidaita bakinsu a kan gwiwa.

"To shi ke nan. Ka faɗa wa manyanka kada su wahalar da kansu ranar Asabar. Ni Badaruddeen na yan..."

Duk gidan an san wannan kalma. In Abba ya ce ya yanke, ko shi kansa ba ya iya warwarewa. Mashkura ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Abba."

Ta zube a gabansa, gwiwoyinta suka bugi kafet. Hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

"Mashkura, wa ya kira ki?"

Rabon da ya kira sunanta tun tana sakandare. Kullum Mamana ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Babu kowa, Abba. Ka yafe min. Tambaya ɗaya zan yi, in ka ce in tashi zan tashi."

Ta ci gaba kafin ya amsa.

"Kai ka karantar da mu cewa sadaki haƙƙin mace ne. Ka ce ba na uba ba ne, ba na kawu ba ne, kuma tana da ikon ta faɗi abin da take so, ko da a al'ada kunya ke hana mu. Haka ne, Abba?"

"Haka ne."

"Fili yana zama sadaki?"

"Dukiya ce. Yana zama."

"To na yanke nawa." Ta share fuska da bayan hannu. "Ba na son zinari, ba na son kuɗi. Ina son wurin kabari ɗaya a garin da Nazir yake, a maƙabartar Musulmi, da takarda da hatimin mutanen garin, da sunana a jiki. In ya kawo, ka ga garin ya karɓe mu da rai da mutuwa, ba masauki ba ne. In bai kawo ba, maganarka ta tabbata, ni da kaina zan ce masa ya haƙura."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ummi daga bakin labule, kuka ya ƙwace mata. "Auta, wace irin amarya ce ke neman kabari? Ki tofar da yawu, don Allah ki tofar."

"Ummi, kowa zai kwanta a wani wuri. Ni so nake in san nawa."

Farouk ya miƙe tsaye. "Kawu, wannan ai wasa da hankali ne. Delay tactics ne kawai, jan lokaci, so take ta..."

"Zauna."

Ya koma ya zauna a bakin kujera.

Abba ya dubi 'yarsa. Ita ce autarsa, ita ce ke auna masa hawan jini kowace safiya tana yi masa faɗa a kan gishiri. Mashkura ta ga yadda leɓensa na ƙasa ke motsi, abin da ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka yi masa rasuwar ƙaninsa. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta janye ba.

A lissafinta abin ba zai gagara ba. Wanda ya tsaya kai da fata a kan hanawa ya mutu. Matarsa kuwa a gaban jama'a ta kira Nazir ya tsaya mata a matsayin ɗa. In aka nema karo na uku, wa zai ƙi?

"Kin san abin da kika yi?" in ji Abba. "Ba ni na ɗaure ki ba. Ke kika ɗaure kanki."

"Na sani, Abba."

"Shekara ɗaya daga yau. Takarda, hatimi, da sunanki. In ta zo, ko ina kwance a asibiti a ɗauko ni in ba da aurenki. In ba ta zo ba, ba zan ce ki auri kowa ba," ya ɗan karkata kai wajen Farouk, "kowa na ce. Amma sunan Nazir ba zai sake shiga gidan nan ba, ko a waya. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Nazir?"

Sai a lokacin ta juya ta kalle shi. Ta zaci za ta ga farin ciki, ko aƙalla ajiyar zuciya. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da fanka. Ya dube ta da wasu irin idanu.

"Na yarda, Abba," ya ce da ƙyar.

"To na yanke." Abba ya miƙe ya ɗauki carbinsa. "An kusa la'asar. Mamana, raka shi bakin get, minti biyar."

* * *

Hadari ya haɗo ta wajen Asokoro, iska na kaɗa busassun ganyen mangwaro a tsakar gida. Farouk ya wuce su fuu, ya ja motarsa da ƙarfi har ya kusa kwashe ƙofar get. Babu wanda ya bi shi da kallo.

Suka tsaya a jikin katanga, taku biyu a tsakaninsu.

"Ban yafe maka ba tukuna," in ji ta. "Shekara guda kana ɗauke da wannan abu, kullum muna waya, ka bari sai a bakin Yaya Farouk zan ji."

"Na sani. Na yi ta shirya yadda zan faɗa miki, in na ji muryarki sai in kasa."

"Kuma aka ce ka zaɓa, ka tsaya lissafin tsofaffi."

"Mashkura..."

"Bar shi. Za mu yi wannan faɗan daga baya, ina nan da shi a ajiye." Ta ja hanci, ta ɗan yi murmushin ƙarfin hali. "Yanzu dai na samo mana shekara guda. Ka koma ku sake nema. Tsohon ba ya nan, matarsa kuma tana sonka. Me ya sa kake kallona kamar an aiko maka da rasuwa?"

Nazir ya jingina da katanga ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya sauke, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba kafin ki faɗa?"

"Yaushe? Abba ya riga ya buɗe baki."

"Dokarsu ba ta yarda a binne gawa kusa da gidaje ko kusa da rafi ba. An auna garin kaf. Wuri ɗaya ne tak ya cika sharaɗi, wani tudu a bayan dutse. Shi muka nema sau biyu."

"To?"

"Tudun na Baba Tanabe ne. Gadon kakanninsa."

"Ai shi ke nan ma. Yanzu ya zama na matarsa."

"Ya zama nata." Iska ta ɗaga masa gefen riga. "Kwana biyu kafin ya rasu ya sa aka kira ta bakin gado. Ina wurin, ina gyara masa ƙarin ruwa. Ya kama hannuna da hannunsa na hagu, ya kama nata da na dama. Ya ce min, ka yafe min, kai ɗana ne, amma tudun nan na waɗanda suka riga ni ne. Sannan ya sa ta yi masa alkawari cewa muddin tana numfashi ba za ta sa hatiminta a takardar ba, kuma za ta bar wasiyya a kan haka. Ta yi masa. Hannuna na cikin nasa ta yi."

Mashkura ta dafa ƙarfen get, sanyinsa ya ratsa tafin hannunta.

"Mutanen nan ba sa saɓa wa mamaci," in ji shi. "Ta ce min in nemi komai, gidan ma in ina so za ta rubuta min. Ban da wannan."

Tamanin da ɗaya. Lambar ta faɗo mata a rai ba tare da ta gayyace ta ba, ta tsinci kanta tana auna ko tsohuwa mai wannan shekaru za ta ƙara shekara guda. Ta yi a'uziyya a ɓoye. Ita da aikinta shi ne raya mutane, yau ga inda so ya kai ta. Kuma ko hakan ma ba mafita ba ce, tunda akwai wasiyya.

"Me ya sa ka ce ka yarda?" ta tambaya, muryarta can ciki.

"Kin durƙusa gaban mahaifinki kin sa kanki a wuta saboda ni. In ce masa me? In ce ba zai yiwu ba, ya ƙarasa kalmarsa?"

Ladanin masallacin unguwa ya fara gwada lasifika. Ɗigon ruwa na farko ya sauka a kan farin hijabinta, na biyu a kan hannunsa. Daga cikin gida ta ji Ummi na kiran sunanta, minti biyar sun cika.

Ta so ta yi kuka irin na ɗazu, hawayen ya ƙi zuwa. Tunaninta ya tafi wurin 'yar tsohuwar nan ta cikin hoto, wadda ba ta taɓa gani ba, wadda ko sannu ba za su iya yi wa juna ba. Ta yi ƙoƙarin jin haushinta ta kasa. Mace ce da ta ba mutumin da take so kalmarta, kuma take riƙe da ita.

"Yaushe jirginka?"

"Ranar Talata."

"In ka sauka, kafin ka je ko'ina, ka je wurinta. Kada ka roƙe ta, kada ka yi mata kuka, kada ka kai mata masana. Ka zauna ka faɗa mata abin da ya faru a falon nan, kalma da kalma, har da maganar Abba ta mutanen Gbagyi."

"Sannan in ce me?"

"Ka ce mata ita ta yi wa mijinta alkawari, ni ma na yi wa ubana. Ka ce yanzu mu biyu ne, kuma dole ɗayarmu ta rasa. Ina so ta san sunana kafin ta zaɓa."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta tura get ɗin ta rufe, ta sa sakata, ta tsaya a wurin tana jin takunsa yana nisa har ruwan ya sauko sosai.